Hawainiyar Kaka Yagana da Ƙoƙon Ruwa

Ni fa ba ni na ɗauko ta ba. Wannan shi ne abu na farko da nake so a sani, don har yau in na ratsa ta bakin kasuwa sai in ji wani ya ce, "Ga likitan hawainiya nan." Ban nemi muƙamin ba. Ina zaman zamana a zaure ina ɓarar gyaɗa aka jawo ni ciki, don kawai na yi shekara uku a lakwal, makarantar Nasara, kafin malaminmu da muke ce wa mushe ya gaji da ni ya nuna mini ƙofa. A gidanmu in ka san A da B, to duk abin da ya gagari mutane naka ne: takardar lanho, wato haraji, agogon da ya tsaya, har da dabbar da mata ba sa son jin sunanta da safe.

Ina rubuta wannan a ragowar kayena, littafin rubutuna na lakwal, don in Allah ya jarrabi wani da irin wannan jinya kada ya yi wautar da muka yi. Saura kaɗan mu yi asarar rai biyu, alhali maganin yana cikin tulu.

Bazara ce, ta shekarar nan da Nasara suka miƙa mulki, wajen wata uku kafin a sauke tutarsu. Wanda ya san Damagaram ya san bazararta. Duwatsu su yini suna shan rana, rijiyoyi su ja baya, ruwa ya zama abin da ake wa yaro duka in ya zubar. Babana yana fatauci can Kano, don haka gidan yana hannun ƙanensa, Baffa Isuhu, baduku. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Wai da wata bakwai aka haife shi, har ana ce masa Bakwaini yana yaro, amma yau in kana son haƙoranka kada ka tuna masa. Sai uwarsu, Kaka Yagana, wadda nake ce wa amarya, ita kuma ta ce mini maigidan banza.

Ran wata Litinin Kaka ta sayi itace wajen wani mai jaki daga Tirmini. Ta tura reshe ɗaya a murhu, sai ta ga wani abu a jikin reshen yana miƙa hannu a hankali kamar mai roƙo. Ta sa hannu cikin wutar ta fizgo shi. Ni dai abin da na ji daga zaure shi ne salati, sannan, "Habu, zo."

Na tarar da ita zaune a ƙasa, yatsunta biyu sun tashi, a gabanta ga wata aba baƙa ƙirin, tsawon tafin hannuna, gefenta na hagu ya toye. Ido ɗaya yana kallon Kaka, ɗayan ya juyo yana kallona. Wallahi sai da na ja baya har na take ƙwarya.

Na ce, "Amarya, hawainiya ce fa. Kawo tsintsiya in fitar da ita."

Ta ce, "Ka fitar da ita ina? Ni na ƙona ta."

"Ai ba da gangan ba."

"Ita ta san da haka?"

Shi ke nan. Aka ɗauko tsohon kwandon goro, aka shimfiɗa tsumma, aka sa ta ciki. Kaka ta shafa mata man kaɗe da gashin kaza, ta manta da nata yatsun sai da na tuna mata. Sannan ta yi abin da duk ɗan Damagaram zai yi in baƙo ya sauka: ta cika ɗan ƙoƙo da ruwan sanyi daga tulunta, ta ajiye mata a gaba. Ku riƙe ƙoƙon nan a ranku, don shi ne ya kusa hallaka mu.

Satin farko na koyi cewa kowa a unguwarmu malamin hawainiya ne, amma ba wanda ya taɓa matsawa kusa da ita. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce in ta hura wa mutum iska sai kuturta. Wani ya ce in ta cije ka ba ta saki sai an yi aradu. Na ɗaga kai na dubi sama, ko ƙyallin gajimare babu, na lissafa cewa in ta kama mini yatsa sai na yi wata biyu ina yawo da ita. Tun daga ranar da muciya nake gyara mata tsumma.

Mun ba ta fura, ba ta kalla ba. Mun ba ta lomar tuwo. Na tuna a lakwal akwai wani hoto a bango da ke nuna tana cin ƙuda, na je na kashe ƙudaje wajen ashirin da tafin takalmi, na jera mata a kan ganye kamar mai tallan ƙuli. Ta juya musu ido ɗaya, ta mayar. Ruwan ƙoƙo kuwa kullum safe Kaka za ta zubar wa kaji ta sake sabo, kullum yamma yana nan yadda yake, sai abin da zafi ya sha.

Ran Laraba da azahar aka kawo wa Kaka tuwonta. Ta dubi kwanon, ta dubi kwandon, ta ture kwanon.

Ta ce, "Na rantse da wanda ya halicce ni ya halicce ta, tuwo ba zai shiga bakina ba sai baiwar Allahn nan ta ci."

Baffa Isuhu da ke yankan fata a gindin bango ya ajiye wuƙa.

Ya ce, "Iya, a kan ƙadangare?"

"Ba ƙadangare ba ce."

"Ko ma mece ce. Ke da ko azumin bana da ƙyar kika kai shi?"

Ta juya tana gyara tsumman kwandon. Ni da na ga abin zai yi tsami sai na jawo dabara. Na ce, "Amarya, ai ba ki sani ba. Hawainiya iska take ci, kowa ya san haka. Tun shekaranjiya take ta ci, ba ki ga cikinta yana hawa yana sauka ba? Rantsuwarki ta cika tun kafin ki yi ta."

Ta ce, "Madalla. To ni ma iskar zan ci, tunda tana ƙosarwa."

Daga ranar ba ta shan komai sai farau-farau, shi ma sai an yi da gaske. Baffa ya ɗauko malamin unguwa ya yi mata bayani cewa rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai, shi ke nan ta warware. Baffa ya ce shi zai ciyar, yau ma in ana so. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta gode wa malam, ta ce, "Allah ya ƙara sani. Kaffara za ta wanke mini rantsuwa. Za ta wanke mata ƙuna?" Malam ya duba takalminsa ya ce lokacin la'asar ya yi.

Nan fa na fara jin tsoro na gaske. Kafin Juma'a idanun hawainiyar nan, waɗanda da suke a turo kamar ƙwallon goriba, sun fara faɗawa ciki. Fatarta ta yi yaushi. Ba ta ko buɗe baki ta yi mini huci in na matso, kuma ban taɓa zaton zan yi kewar hucin ba. A ɗaya gefen tsakar gida kuma ga Kaka, ita ma idanu sun zurma, zaninta yana zagaye ta sau biyu. In na dubi kwando in dubi tabarma sai in ga kamar tsere suke yi, ba wadda ke son a riga ta. Abin da kawai Kaka ke iya yi shi ne ta jiƙa wani ɗan tsumma ta rufa a kan kwandon saboda zafi, Baffa yana harararta don ruwan.

Litinin ta zagayo, Kaka ta ce in kai ta wajen likitan dabbobi.

Na ce, "Amarya, can fa raƙuma ake kaiwa da dawakin gardawan gwamnati."

"An rubuta a ƙofa ban da hawainiya? Kai ka iya karatu."

Na ɗauki kwando na rufe da zani, na fita kamar mai kai kayan biki. Na isa da hantsi na tarar da layi. Buzu da raƙumi mai ƙazuwa, Bafulatani da saniya uku, wani gardi da doki mai ɗingishi, sai ni a ƙarshe bayan wani jaki da bai daina dubana ba. Rana ta take. Ba wanda ke maganar dabbarsa, kowa maganar tafiyar Nasara yake: wa zai riƙe biro, wato ofishin mulki, wa zai riƙa kawo allura, ko lanho zai ragu. Bafulatanin ya tambaye ni me ke cikin kwandon. Na ce ƴar tsuntsuwa ce. Ya ce in nuna masa. Na ɗaga zanin. Ban taɓa ganin mutum ya ja saniya uku da sauri haka ba. Labari ya bi layi, kowa ya dare, sai ga ni a bakin ƙofa. Wannan ita ce riba ɗaya da na ci a jinyar nan.

Likitan Nasara ba ya nan, an ce yana gida yana ɗaure akwatuna. Mataimakinsa na samu, wani dogon mutum mai farar riga da tabarau. Ya ɗauki alƙalami ya ce, "Wace dabba?"

"Hawainiya."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Wasa ka zo yi?"

Na ce, "Wallahi da wasa ne da na zo da abin da ya fi wannan kyau. Kakata ce ta daina cin abinci saboda ita."

Ban san me ya gani a fuskata ba, amma ya mayar da tabarau. Kuma ina gode masa har gobe, don da hannunsa ya ɗauke ta, ba muciya ba. Ya duba ƙunar ya ce tana warkewa, wanda ya sa man kaɗe ya yi daidai. Ya shafa mata wani magani shuɗi, irin wanda ake sa wa jakuna a gyambo. Sannan ya ɗan ja fatar bayanta da yatsu biyu ya saki. Fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba.

Ya ce, "Dezidarate."

Na ce, "Shekara uku kawai na yi a lakwal, ba mu kai nan ba."

"Ƙishirwa. Ba ƙuna ce za ta kashe ta ba, ƙishirwa ce. Ku ba ta ruwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana takwas ruwa na gabanta. Daga tulun Kaka ma, ba na jarka ba. Ko ni ba a ba ni shi."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce shi abin da ya karanta shanu ne da tumaki da raƙuma, kuma duk cikinsu ba wanda ake roƙo ya sha ruwa. Ya ce in buɗe bakinta in ɗura. Wannan ita ce shawarar da ban gode masa a kanta ba. Na gwada da na koma gida, ta datse baki kamar an ɗinke, ta yi baƙi, ta kwanta a gefe, har na ce na ƙarasa ta. Kaka ta ce in na sake sai ta karya mini hannu, ita da ba ta iya ɗaga buta.

Shuɗin maganin nan kuwa ya zauna daram. Duk kalar da ta so ta koma, yana nan a gefenta kamar tambarin biro.

Ran Laraba Kaka ta tashi za ta yi alwala, jiri ya ɗauke ta, ta zame a jikin bango. Baffa ya ɗauke ta kamar ƴar tsana ya kai ɗaki. Da ya fito ya ja ni zaure, idonsa ja.

Ya ce, "Habu, uwata ba za ta mutu a kan wannan abar ba. Akwai mai magani a kasuwa, ya ce yana so, busar da su yake. Gobe ka kai masa. Mu ce mata ta warke ta gudu."

Na ce, "Baffa, ka san Kaka. Cewa za ta yi a nuna mata sawun."

"To me kake so a yi?"

Ni kuwa tuni na yi nawa tunanin, irin na ƴan bakin kasuwa. Na ce a samo wata hawainiyar, lafiyayya, mai ci. In shafa mata shuɗin nan a gefe, don mataimakin likitan ya ba ni ragowa a ƴar kwalba. A sa ta a kwando, ta ci ƙuda a gaban Kaka, Kaka ta ci tuwo. Baffa ya dube ni. Ya ce, "Abin da aka koya maka a lakwal ke nan?" Amma bai hana ba.

Alhamis ranar kasuwa ce. Na san a garin nan da bazara ko ganye da wuya, balle hawainiya, sai na nufi wajen mutanen Gidimuni masu kawo dabino da rake, tunda su suke da tafki da lambuna. Na samu wani dattijo zaune a bayan buhun dabino, na gaishe shi, na ce ko zai iya kamo mini hawainiya ɗaya.

Ya ce, "Tsafi za ka yi?"

"A'a, Baba. Kakata zan yaudara."

Ya ce wannan ya fi tsafi muni, in zauna in faɗa masa. Na faɗa masa komai, tun daga murhu har zuwa fatar da ta ƙi komawa. Da na zo kan ƙoƙon ruwa sai ya fara dariya, ba da ƙarfi ba, irin wadda kafaɗu ke rawa.

Ya ce, "Ku mutanen birni. Ƙoƙo kuka ba ta? Ba ku haɗa mata da goro ba?"

"To da me za ta sha?"

"Yaro, shekarata arba'in a lambu, ga tafki guda a gabansu, ban taɓa ganin hawainiya ta sauko ta kafa kai ba. Ruwan da ke kwance ita ba ta san ruwa ba ne. Raɓa take lasa a ganye da safe, ko ɗigon ruwan sama in yana gangarowa yana ƙyalli. In bai motsa ba, ba ta gan shi ba. Haka abincinta. Ƙudan da ka kashe, ka ci abinka."

Kwana goma sha ɗaya. Baiwar Allah tana mutuwa da ƙishirwa, hancinta na kusan taɓa ruwa, mu kuma muna ta cewa taurin kai ne da ita.

Na ce, "To yaya aka yi ba ta mutu ba?"

Ya tambaye ni ko akwai wani abu mai laima kusa da ita. Na tuna da jiƙaƙƙen tsumman Kaka. Ya ce, "To tsohuwar ta fi ku hankali, ko ba ta sani ba." Ya ce in fitar da ita daga kwando, hawainiya ba kaza ba ce, in ba ta reshe mai ganye ta kama, inda za ta ga rana da safe ta samu inuwa da rana. In daina taɓa ta. In yi mata raɓa. Ya ƙara mini da dabino uku ya ce na Kaka ne, ranar da ta buɗe baki. Ban san sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba. Allah ya kai ladan inda yake.

A bayan ɗakin Kaka akwai ƴar bishiyar lalle da take shayarwa da ruwan alwala. Washegari da sassafe na ɗora hawainiyar a kai. Da ƙyar ta maƙale. Aka fito da Kaka aka jingina ta da bango tana kallo. Saura raɓa. Ina za ka samu raɓa a Damagaram da bazara?

Na tsoma tsintsiya a ruwa na yarfa. Ɗigon ya yi girma, ya buge ta a kai, ta yi baƙi ta juya baya. Na guntsi ruwa na fesa, ya fito kamar an kwance bakin salka, saura kaɗan in tunkuɗo ta ƙasa. Kaka ta ce, "Maigidan banza, ko tofi ba ka iya ba." Sai ta juya ta dubi Baffa.

Wanda bai san aikin dukanci ba bari in gaya masa. Baduku kafin ya ja fata ko ya naɗe ta sai ya ɗan jiƙa ta, kuma ba zubawa ake yi ba, don tabo take yi. Guntsar ruwa ake yi a fesa ta tsakanin haƙora, ya fito kamar hayaƙi. Baffa Isuhu shekara talatin yana yi. Ni ya so ya koya mini, na gudu lakwal, daga lakwal na faɗa kasuwa.

Ya ce, "Iya, ni?"

"Kai."

"In yi wa hawainiya feshi? Da girmana?"

"Da bakinka dai."

Ya dubi ƙofar gida ya tabbatar ba kowa. Ya ɗauki buta, ya guntsa, ya tsugunna a gaban lallen nan, ƙato guda, ya fesa sama. Ruwan ya sauko a hankali kamar hazo, ya kwanta a ganye, ya fara taruwa yana gangarowa, rana na haska shi. Ya sake. Ya sake.

Ba abin da ya faru. Har na fara tunanin mai dabino ya rama wa Kaka yaudarar da na yi niyya. Can sai ido ɗaya ya juyo. Ya tsaya a kan wani ɗigo da ke lilo a bakin ganye. Ɗayan idon ma ya zo ya same shi, karo na farko da na ga idanun nan biyu sun yarda da juna. Ta miƙa wuya. Ta buɗe baki kaɗan, ta taɓa ganyen, maƙogwaronta ya motsa.

Baffa yana tsugune da ruwa a baki, ya manta, sai da ya ƙware. Kaka kuwa hawaye ne kawai ke bin kumatunta, tana cewa, "Sha, baiwar Allah. Sha, ki yafe mana."

Ta yi kusan rabin sa'a tana sha. Na ce wa Kaka to ga dabino. Ta ce ci ta rantse a kai, ba sha ba. Tsohuwar nan da ta yi lakwal da ita za a bar wa biro.

Saura abinci mai rai. Na je wajen mahauta da kwalba ina kama ƙuda da hannu, suna tambayata ko sabuwar sana'a ce tunda Nasara za su tafi. Rabinsu suka mutu a hanya. Daga baya na gane wautata, na ɗauko ƴar tsokar da Baffa ke kankarewa daga fata na rataya a reshen lallen. Ƙudajen Damagaram ba sa buƙatar gayyata.

Asabar ba ta ci ba, sha kawai. Idanun dai sun fara tasowa. Ran Lahadi da hantsi muna zaune mu uku, wani ƙaton ƙuda kore ya sauka nesa da ita, nisan da ya fi tsawon jikinta. Na ce a raina wannan kafin ta yi tafiyar nan tata ta mai jin tausayin ƙasa, ya yi jikoki. Ta ɗan yi lilo gaba da baya. Sai wani abu ya fito daga bakinta ya koma. Ƙuda babu. Ban ga tafiyarsa ba, sai ƙafafunsa a gefen bakinta tana tauna.

Baffa ya ce, "Innalillahi. Wannan duk a cikinta yake?"

Ni kuwa na tuna sau nawa na kai fuskata kusa da bakin nan, sai na ja da baya.

Kaka ta ce, "Ta ci?"

Na ce, "Ta ci, amarya."

"Ba dabararka ba ce?"

"Ina na ga irin wannan harshen da zan ara mata?"

Ta ce a miƙo mata dabinon. Ta ci ɗaya tana tsotsa a hankali, sannan ta ce a ɗora tukunya, miyar kuka take so, kuma kada a yi mata rowar man shanu. Matar Baffa ta ce a fara da kunu saboda hanji, suka yi ta ja, aka tsaya a kan tuwo mai ruwa-ruwa. Loma biyar ta yi ta yi barci a zaune.

Sai da Kaka ta yi wajen sati biyu kafin ƙafafunta su dawo. A cikin haka aka sake ba mu wani tsoron. Wata safiya na zo na tarar hawainiyar ta yi fari fat, fata na ɗaɗɗagowa kamar tsohon bango. Maƙwabciyar nan ta leƙo ta ce ai ga kuturtar da ta faɗa. Ni kaina na ce likkafani ta sa. Kaka ta dafa sanda ta zo ta duba ta ce, "Saɓa take yi, kamar maciji. Ku ba ta wuri." Kafin yamma ta goge jikinta a reshe ta fito kore shar, shuɗin biro ya tafi tare da tsohuwar fatar, sai ɗan tabo a inda wuta ta taɓa. Da na bi shawarar kaina na shafa wa wata shuɗi, da ranar da ta yi saɓa asirina zai tonu, don ba tabon wuta a ƙarƙashi.

To ga abin da zan gaya wa duk wanda tsautsayi ya haɗa da jinyar hawainiya. Kada ka ba ta ƙoƙo. Kada ka kashe mata ƙuda. Kada ka ɗura mata komai, ko wa ya ce. Ba ta cije ni ba, ba ta hura wa kowa kuturta ba, duk da ban ce ka sa mata yatsa a baki don ka gwada ba. Kuma ka nemi baduku.

Nan ne ma rigimar ƙarshe ta taso. Hawainiya ta warke, ta ƙi barin lallen, Kaka kuma ta ce baƙon da bai yi sallama ba ba a korarsa. Kullum safe sai Baffa ya tsugunna ya yi feshi kafin ya buɗe rumfa. Labari ya fita, kuma ba zan ce ban san ta bakin wa ya fita ba. Abokan sana'arsa suka fara tambayarsa ko yana karɓar aikin ƙadangaru. Wata safiya, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai zubo ba, ya ajiye butar da ƙarfi.

Ya ce, "Iya, ya isa haka. Kin ci, ta ci, kowa ya tashi. A mayar da ita daji. Ruwan da muke saye da tsada nake fesa wa iska. Ina mai iyali, ana yi mini dariya a kasuwa. Kuma fisabilillahi dube ta. Abu ba kyan gani, ba ya shan ruwa kamar kowace halitta sai an bi shi da ɗigo-ɗigo. Wa zai ɓata lokacinsa a kan irin wannan?"

Kaka tana tsince ƙasa daga gero a faifai. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ni. Wata biyu ina ɗiga maka nono da auduga, Bakwaini, don ba ka iya kama mama ba. Kuma ta fi ka kyau a lokacin. Ɗauki butar."